Senti 81 a Takardar Kuɗin Ruwa: Me Ya Sa Majalisar Jiha Ta Ɗora Shi, Kuma Ina Yake Tafiya?

Wani ɗan'uwa mazaunin wani ƙaramin gari a jihar Minesota ta Amurka ya rubuto yana cewa: "Tun da na sayi gida nake ganin wani layi a takardar kuɗin ruwa, senti 81 kowane wata, wai kuɗin gwajin ruwa ne na jiha. Ina biyan kuɗin ruwan da na sha, ina kuma biyan haraji, to me ya kawo wannan? Biyansa yana nufin ana gwada ruwan gidana ne? Sannan abokina da ke zaune a gona yana shan ruwan rijiyar burtsatsensa, shi ba ya biya. Wa ke gwada nasa?"

Malam, idan ka ninka senti 81 sau goma sha biyu za ka sami dala 9.72, kuma wannan shi ne adadin da majalisar dokokin Minesota ta tsayar a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ya zauna har ƙarshen 2025 kafin majalisar ta sake ɗaga shi. Hukumar ruwan garinku ba ta da rabo a ciki, nata karɓa ne kawai ta miƙa wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha, wadda ita ce doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan ruwan sha. Ana lissafa kuɗin ne a kan kowane joni, wato bututun da ya taso daga babban bututu na titi ya shiga gida ko shago, don haka yawan ruwan da ka sha a wata ba ya ƙara shi kuma ba ya rage shi.

Asalin maganar yana komawa ga Disamba 1974, lokacin da Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar tarayya ta tsabtar ruwan sha. Dokar ta ba Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ikon tsayar da iyakar kowane gurɓataccen abu da za a yarda a samu a ruwan da ake raba wa jama'a, kuma a yau abubuwan da aka sa wa iyaka sun haura 90. Ma'anar "ruwan jama'a" a wannan doka tana da faɗi fiye da yadda mutane ke zato: duk tsarin da yake da joni 15, ko yake shayar da mutum 25 na tsawon aƙalla kwana 60 a shekara, ya shiga ciki. Makarantar ƙauye mai rijiyarta, da gidan abinci na bakin hanya, da masaukin 'yan yawon buɗe ido a bakin tafki duk doka ta hau kansu, shi ya sa a faɗin ƙasar ake da irin waɗannan tsare-tsare kusan 150,000, a Minesota kaɗai fiye da 6,000, alhali na birane da garuruwa a jihar ba su kai 1,000 ba. Tarayya ba ta da ma'aikatan da za su bi wannan taro ɗaya bayan ɗaya, saboda haka dokar ta ba kowace jiha damar ta karɓi wuƙa da nama, bisa sharaɗin dokokinta kada su gaza na tarayya tsauri, kuma ta nuna tana da ma'aikata da ɗakin gwaje-gwaje da ikon hukunta mai saɓawa. Duk jihohi sun karɓa in ban da Wayomin, inda har yanzu EPA ce ke riƙe da aikin kai tsaye.

Tarayya tana ba jihohi tallafi don wannan aiki, amma ba ta biyan fiye da kashi 75 cikin ɗari, dole jiha ta kawo aƙalla kashi 25 daga aljihunta, da ruwan ciki ake jan na rijiya. A aikace ma tallafin bai taɓa kusantar ainihin abin da aikin ke ci ba, domin ya daɗe yana wajen dala miliyan 100 da ɗoriya a shekara, wanda za a raba wa jihohi 49 da yankunan ƙasar. Abin da ya tsananta lamarin shi ne gyaran da majalisar tarayya ta yi wa dokar a 1986. Kafin lokacin abubuwa ashirin da 'yan kai ake gwadawa, sai gyaran ya umarci EPA ta sa iyaka a kan abubuwa 83, sannan ta riƙa ƙara 25 duk bayan shekara uku. An soke wannan sharaɗi na ƙarshe a gyaran 1996, amma kafin nan ƙa'idojin magungunan kashe ƙwari da sinadaran masana'antu da dalma sun riga sun sauko wa jihohi kusan a lokaci guda, kuma kowannensu yana buƙatar na'ura mai tsada da ƙwararren da zai sarrafa ta. A farkon shekarun 1990 jihohi da dama suka ga ko dai su nemo sabuwar hanyar kuɗi, ko su mayar wa tarayya ikon da suka karɓa. A wannan yanayi Minesota ta kafa nata kuɗin a kan dala 5.21 a shekara. Jihar Misuri ta kafa nata a 1992, kuma ba ta ɓoye manufarsa ba, domin sunan da ake kiransa da shi ma yana nufin kuɗin riƙe ikon jiha ne.

Tambayarka ta cewa ai kana biyan haraji tana kan hanya, kuma akwai jihohin da har yanzu suke dogara sosai ga babban asusun gwamnati. Matsalar babban asusu ita ce duk shekarar kasafi sai shirin ruwan sha ya yi gogayya da makarantu da asibitoci da tituna, kuma shi aiki ne da ba a ganin amfaninsa da ido: idan ya yi kyau, ba abin da ke faruwa. Ɗan majalisa yana iya yanke kintinkirin sabuwar gada, amma ba ya iya nuna wa masu zaɓe amai da gudawar da ba ta ɓarke ba. Don haka idan kuɗin shiga ya ragu, irin wannan shiri ne ake fara datsewa. Kuɗin da doka ta keɓe, aka ce daga nan zai fito kuma a nan kaɗai za a kashe shi, yana ba ma'aikatar damar ta ɗauki masanin sinadarai aiki da tabbacin za ta iya biyansa baɗi. Akwai kuma bambanci na shari'a tsakanin haraji da kuɗin hidima, wanda lauyoyin majalisu ke lura da shi ƙwarai: haraji ana tara shi ne don buƙatun gwamnati gaba ɗaya, shi kuwa kuɗin hidima dole ya yi daidai da nauyin wani takamaiman aiki da ake yi saboda mai biya. A jihohin da tsarin mulkinsu ya tsaurara ƙarin haraji, wannan bambanci shi ke raba ƙudirin da zai wuce da wanda zai mutu a kwamiti.

Abin da kuɗin ke saya kuwa, gara in kwatanta maka da gwaji mafi sauƙi a cikinsu, na ƙwayoyin cuta da ake kira kolifom, tun da na shafe shekaru ina wannan aiki. Mai ɗaukar samfur yakan iso da 'yar kwalbar roba a rufe, mai layi a daidai mililita 100, da ɗan farin sinadari a gindinta wanda aikinsa shi ne kashe ƙarfin kulorin, don kada kulorin ya ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya sakamako ya fito da tsabtar ƙarya. Zai kwance matatar da ke bakin famfo, ya tsabtace bakin, ya bar ruwan sanyi ya zuba na 'yan mintuna, sannan ya cika kwalbar zuwa layi ba tare da ya ɗauraye ta ba, ba tare da yatsansa ya taɓa cikin murfi ba. Daga wannan minti agogo ya fara bugawa, domin dole a fara gwajin cikin awa 30. A ɗakin gwaje-gwaje ana zuba wani gari a ciki a ajiye kwalbar a zafin digiri 35 na kwana guda. Idan ruwan ya koma rawaya akwai kolifom, idan kuma ya yi ƙyalli a ƙarƙashin wata fitila ta musamman to E. coli ne, alamar kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwan. Na taɓa karɓar akwatin samfura da dusar ƙanƙara ta tsayar da motar da ta ɗauko shi, ya iso da jinkirin awa biyu kacal a kan ƙa'ida. Ruwan garau yake a ido, amma haka muka zubar da shi duka, aka sake tura mutum ya bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya. Man motar nan da albashin mutumin nan suna cikin senti 81 ɗinka, haka ma albashin injiniyan da ke zuwa duba rijiyoyi da tankunan gari, da na wanda ke nazarin zanen sabuwar matatar ruwa kafin a gina ta.

Gwajin kolifom mai arha ne. Tsadar tana wajen sinadarai, kuma a nan ne hikimar tara kuɗin wuri guda take. Yawan samfuran kolifom yana bin yawan jama'a, daga guda ɗaya a wata ga garin da bai wuce mutum 1,000 ba har zuwa 480 ga manyan birane. Amma gwajin asenik (wata guba da ke cikin ƙasa) da naitiret (sinadarin da ke fitowa daga taki) da magungunan gona da sinadarai masu tururi da abubuwa masu fitar da tiriri na nukiliya ana yin su ne a kan kowace mashigar ruwa, kuma jerin kusan ɗaya ne ko mutum 500 ke sha ko 500,000. Idan aka lissafa a kan dala 9.72, ƙauye mai joni 200 abin da yake tarawa a shekara dala 1,944 ne, birni mai joni 100,000 kuwa dala 972,000. Samfur ɗaya na PFAS, wasu sinadaran masana'antu da ba sa ruɓewa, yana cin ɗaruruwan daloli, saboda haka da a ce kowa tasa ta fisshe shi, da gidajen ƙauyen nan 200 sun ga ƙari mai nauyi a takardarsu, ko kuma, abin da ya fi yawan faruwa, da an riƙa tsallake gwajin ana fatan alheri. A taƙaice mutanen Minneapolis da St. Paul, manyan biranen jihar, suna ɗauke wa ƙananan garuruwa irin naku wani ɓangare na nauyi, kuma a ganina hakan daidai ne, tun da ɗan birnin nan ma yana tsayawa ya sha ruwa a gidan abincin bakin hanya. Wanda ya taso a garin da rabin unguwa daga 'yan garuwa take sayen ruwa zai lura cewa wannan dabara tana tafiya ne kawai inda kowane joni yake a rajista kuma takarda ke zuwa kowane wata. Inda babu wannan, sai a nemi wata ƙofar.

Akwai wani amfani da ya fi rangwamen farashi muhimmanci, shi ne hannun da sakamako ke fara faɗawa. Darasin da ake koya wa duk mai shiga wannan fage ya fito ne daga garin Walkerton a lardin Ontariyo na Kanada. A 1996 gwamnatin lardin ta daina yi wa garuruwa gwajin ruwa na yau da kullum a ɗakunan gwaje-gwajenta, ta bar su su nemi masu zaman kansu, ba tare da ta kafa dokar da za ta tilasta wa waɗannan ɗakuna sanar da hukumomin lafiya idan sun ga mummunan sakamako ba. A watan Mayu 2000, bayan ruwan sama mai ƙarfi, kashin shanu ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Ɗakin gwajin ya gano E. coli, ya aika wa manajan hukumar ruwa, wanda shi ne mai biyansa, shi kuma ya yi shiru. Mutum bakwai suka rasu, kimanin 2,300 suka kamu, a garin da jama'arsa ba su wuce 5,000 ba. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya nuna cewa da labarin ya kai ga jami'an lafiya a kan kari, da an umarci mutane su tafasa ruwa tun da wuri, an kuɓutar da ɗaruruwa daga cutar. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu ba aibu ba ne, jihohin Amurka da dama da su suke aiki bisa lasisi da sharaɗin kai rahoto. Sai dai idan jiha ce ta ɗauki samfur ta gwada a ɗakinta da kuɗin da doka ta tanadar mata, mai sa ido yana ganin sakamako kafin wanda ake sa wa ido, ko tare da shi.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba, kuma babban aibinsa yana cikin yadda ake rubuta dokar. Yawancin majalisu suna rubuta adadin ne da alƙalami a cikin doka, dala kaza da senti kaza, ta yadda ba mai iya taɓa shi sai majalisa ta sake zama ta kaɗa ƙuri'a, kuma ba ɗan majalisar da ke marmarin a ce shi ya ƙara wa mutane kuɗin ruwa. A Minesota dala 5.21 ta zauna fiye da shekara goma kafin ta koma 6.36 a tsakiyar shekarun 2000, wannan ma ta zauna har 2019. A tsawon wannan lokaci albashi ya tashi, farashin kayan gwaji ya tashi, kuma aikin kansa ya ƙaru: a 2001 EPA ta sauko da iyakar asenik daga kashi 50 zuwa 10 cikin biliyan, a Afrilu 2024 ta tsayar da iyakar PFOA da PFOS, biyu daga cikin sinadaran PFAS, a kashi 4 cikin tiriliyan, ma'aunin da sai na'ura ta musamman ke iya gani. Sakamakon shi ne shirin yana ramewa a hankali na shekaru, ana barin guraben aiki ba kowa, ana tazarar da ziyarar duba wurare, sannan rana ɗaya a yi tsalle. Daga 6.36 zuwa 9.72 ƙarin fiye da kashi 50 cikin ɗari ne, ko da yake a aljihunka senti 28 ne a wata. A jihar Luwiziyana majalisa ta ɗaga nata a 2016 daga dala 3.20 zuwa dala 12 a shekara, kusan ninki huɗu a zama ɗaya. Da ni ake tambaya, da dokar ta sa rufi sannan ta bar ma'aikatar ta riƙa daidaita adadin da tashin farashi, tana kawo wa majalisa lissafin abin da ta kashe kowace shekara.

Aibi na biyu shi ne adalcin rabon. Inda ake karɓa daidai wa daida a kan kowane joni, gwauruwar da ke zaune ita kaɗai a ƙaramin gida tana biyan abin da bene mai ɗaki ɗari da joni ɗaya ke biya. Misuri ta rage wannan ta hanyar bin girman mita, mai babban bututu ya fi biya. Misisifi kuwa, wadda ta kafa asusu na musamman don gwajin ingancin ruwan sha, dokarta ta daɗe da rufin dala 40,000 a kan kowace hukumar ruwa, abin da ke sauƙaƙa wa manyan birane amma yake rage tallafin da ƙananan garuruwa ke samu daga gare su. Ko wanne aka zaɓa wani zai yi ƙorafi. Sannan keɓe asusu a doka ba ya hana majalisa kwashe rararsa a shekarar ƙunci, tun da majalisar da ta ƙulle ita ke riƙe da mabuɗi.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da wannan kuɗi yake yi. Yana gano matsala, amma ba ya gina matata ko canza tsohon bututu, waɗannan daga kuɗin ruwanka na yau da kullum suke fitowa, da rance mai sauƙi daga asusun da gyaran 1996 ya kafa. Kalifoniya ta gwada ɗora kusan senti 95 a wata a kan takardar ruwa don gyara wa matalautan garuruwa ruwansu, ƙungiyar hukumomin ruwa ta jihar ta yi tsaye a kan cewa wannan haraji ne a kan ruwan sha, kuma haraji a can sai da kashi biyu cikin uku na majalisa. Ƙudirin bai wuce ba, a 2019 aka koma aka ware dala miliyan 130 a shekara daga kuɗin da jihar ke samu a cinikin izinin fitar da hayaƙi.

Game da ruwan gidanka, amsar ita ce ana gwada ruwan garinku, ba lallai ba ne a taɓa zuwa famfonka. Ana ɗaukar samfur a inda ruwa ke shiga bututun gari da wasu zaɓaɓɓun wurare a cikinsa. Doka ta wajabta wa hukumar ruwanku ta fitar da rahoton ingancin ruwa kowace shekara kafin 1 ga Yuli, kuma a ciki za ka ga abin da aka samu kusa da iyakar da doka ta sa. Abu ɗaya da rahoton ba zai gaya maka game da gidanka ba shi ne dalma, domin ita ba daga rijiya ko kogi take zuwa ba, daga bututun da ya shiga gida da tsofaffin haɗe-haɗen famfo take narkewa, shi ya sa samfurinta ake ɗauka a ɗakin girki bayan ruwa ya kwana aƙalla awa shida ba a taɓa shi ba. An hana amfani da dalma a aikin famfo a 1986. Idan gidan da ka saya ya girmi wannan shekara, musamman idan akwai ƙananan yara ko mai juna biyu, ka tambayi hukumar ruwa da me aka yi joninka, ka kuma nemi a gwada.

Abokinka kuwa ba ya biya ne saboda dokar 1974 ba ta shafi rijiyar gida ɗaya ba, kuma ba wanda ke zuwa gwada masa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a Minesota haka yake. Jihar tana wajabta gwajin kolifom da naitiret da asenik lokacin da aka haƙa sabuwar rijiya, daga nan nauyin ya koma kan mai ita. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, musamman a kudu maso gabashin jihar inda ƙasa take da duwatsu masu ramuka da takin gona ke bi ya gangara cikin ruwan ƙasa da sauri, har EPA ta umarci jihar a Nuwamba 2023 ta ɗauki mataki a kan naitiret a rijiyoyin gidaje na ƙananan hukumomi takwas. Naitiret ba shi da launi ko wari, tafasa ruwa ƙara masa kauri yake yi, kuma idan ya wuce miligiram 10 a lita yana da haɗari ga jariri da ake dama wa madara da shi. Ka gaya masa ya nemi ɗakin gwaji mai lasisin jiha, su aiko masa da kwalabe, ya gwada kolifom da naitiret kowace shekara, asenik da dalma aƙalla sau ɗaya, ya kuma sake gwadawa duk lokacin da aka yi ambaliya ko aka buɗe rijiyar don gyara.